Ku Tambayi Anti: ganin mai ba da shawara ta waya kan damuwar gida da fargaba

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar ganin mai ba da shawara ta intanet, mutum na zaune a ɗakinsa da waya a hannu yana faɗa wa ƙwararre abin da ke cin ransa. Na zaɓi guda biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba, wasu kuma na rage musu tsawo.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni matar aure ce 'ya'yana uku kuma ina aiki, wata takwas kenan da surukata ta kwanta ciwo ta dawo wajenmu, ni ke jinya ni ke kula da yara ni ke fita aiki, maigidan kuma ba wai mugu bane amma in ya dawo waya kawai yake dannawa. Toh abin da ke damuna yanzu shine da daddare in na kwanta sai gabana ya dinga faɗuwa haka kawai, zuciyata na bugawa kamar zata fito, hannuna na rawa, wani lokacin sai naji kamar numfashina zai ɗauke, sai in tashi in zauna har gari ya waye ina lissafin abin da bai ma faru ba. Naga ana tallar masu ba da shawara ta waya, dan Allah abin nan yana aiki kuwa ko hira ce kawai za a cinye min data? Wallahi bani da lokacin zuwa ko'ina. Daga wata uwa da ta gaji.

AMSA: Ƙanwata sannu, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba surukarki lafiya ya saka miki da alheri. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya min shine ko sau ɗaya baki ambaci lokacin da kike hutawa ba. Mutum ɗaya na ɗauke da kayan mutum uku wata takwas, dole jiki ya yi magana, in baki bai faɗa ba zuciya zata faɗa da bugawa.

Kafin mu zo kan waya, akwai zuwa asibiti sau ɗaya da bazan yafe miki ba. Bugun zuciya da rawar hannu ba kullum fargaba ce ke kawo su ba, ƙarancin jini na kawowa, maƙoƙon wuya in yana aiki fiye da ƙima yana kawowa, har wasu magunguna ma. Gwajin jini da awon hawan jini da na zuciya zasu raba gardama, kuma wannan babu wanda zai iya miki ta bidiyo komai ƙwarewarsa. In likita ya ce jiki lafiya lau, toh abin da kika kwatanta ya yi kama da fargaba mai zuwa da firgici. Yadda abin yake shine ƙwaƙwalwa ce take ɗauka akwai haɗari sai ta sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama da sauri, wannan saurin numfashin kuma shi ke rage iskar kabon dayoksaid a jini har kiji jiri da ƙaiƙayin yatsu, sai ke kuma ki tsorata da abin da kike ji, tsoron ya ƙara wa wutar fetur. Yawanci yana kai ƙololuwa cikin minti 10 sannan ya fara sauka. In ya taso ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, fitarwar ta fi shaƙar tsawo.

Kuma ba ke kaɗai bace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, sannan a shekarar farko ta annobar korona fargaba da ciwon damuwa suka ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. A wannan lokacin ne ma ganin ƙwararru ta bidiyo ya yaɗu sosai, tunda an rufe ƙofofi.

Toh yana aiki? Eh yana yi, in wanda ke ɗaya ɓangaren ƙwararre ne na gaske. An yi bincike da dama ana kwatanta waɗanda aka gani ido da ido da waɗanda aka gani ta bidiyo ko ta intanet tare da jagorar ƙwararre, kuma a fargaba da damuwar da bata yi tsanani ba sakamakon kusan ɗaya ne. Bambancinsa da hira da ƙawa shine yana da tsari. Zama ɗaya kan ɗauki minti 45 zuwa 50, galibi sau ɗaya a sati. A zaman farko ƙwararriyar zata tambaye ki tarihin abin, barcinki, lafiyarki, wa kike da shi da zaki jingina, kuma da yawansu suna ba da wata 'yar takardar tambayoyi bakwai da ake kira GAD-7 wadda aka fitar a 2006, tana tambayar yadda kika kasance cikin sati biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 21, in ya kai 10 an san abin na buƙatar kulawa. Bayan wasu satittika a sake cikawa, kinga ke da kanki zaki ga ko lambar na sauka ko tana nan, in tana nan kina da haƙƙin tambayar dalili.

Hanyar da aka fi amfani da ita ga irin naki ita ce CBT, wato jinya ta magana mai gyara tunani da ɗabi'a, wadda wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Ya lura marasa lafiyarsa na da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu cikin ƙiftawar ido, su kuma su karɓa a matsayin gaskiya ba tare da sun tuhume su ba. Bari in nuna miki da naki. Ƙarfe biyun dare, kinji surukarki ta yi tari, tunani ya faɗo, in wani abu ya same ta ni za a ɗora wa laifi. Gaba ya faɗi. Ƙwararriyar zata ce ki ajiye littafi kusa da gado ki rubuta wannan jimlar yadda ta zo, ki ba tsoron maki cikin goma, sai a zama na gaba ku zauna ku bi ta, wa ya taɓa cewa laifinki ne, me kika yi mata cikin wata takwas ɗin nan, in ƙawarki ce a wannan halin me zaki ce mata. Ba wai za a ce miki komai lafiya bane, a'a, za a koya miki raba abin da ke hannunki da abin da tsoro ya ƙirƙiro. Kuma ina kyautata zaton da kun yi zama uku zuwa huɗu maganar zata juyo kan maigida da 'yan uwansa, yadda zaki buɗe baki ki ce ga ranakun da nake so wani ya karɓe ni, ba da faɗa ba kuma ba da roƙo ba, domin mahaifiyarsu ce, jinyar bata rataya a wuyanki ke kaɗai ba.

Matsalar da zaki fi fuskanta ba netwok bace, wajen zama ne. Ni lokacin da na yi jinyar mahaifina har Allah ya karɓi abinsa, a cikin mota nake yin nawa zaman, in tashi aiki in rufe gilas in sa iyafis a kunne, wayar na jingine da sitiyari, wata rana rabin lokacin kuka kawai na yi matar tana jirana bata katse ni ba. A gida da bazan iya ba, ana buga ƙofa ana kiran sunana. Ki nemi naki wajen tun kafin ki biya kuɗin zama, ko da ofis ne bayan kowa ya tafi, ki yi cajin waya, ki kuma ce mata in bidiyo ya yanke ta kira ki da murya.

TAMBAYA: Malama ina gaisuwa. Ni saurayi ne na gama karatu shekara biyu ba aiki, tunani ya min yawa har bana son fita cikin abokai. Ina so in gwada amma tsorona biyu ne, na farko kowa a intanet yanzu cewa yake shi ƙwararre ne, ta yaya zan gane na gaske, na biyu kuma kar in zazzage sirrina gobe in ganshi yana yawo.

AMSA: Ɗana tsoronka duka biyun suna kan hanya, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka tura wa kowa ko sisi. Su masu aikin nan kashi-kashi ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi likita ne cikakke da ya ƙware a wannan fannin, shi ke rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan Adam da ya karanci gwaji da jinya ta hanyar magana. Akwai mai ba da shawara da aka horar aka ba shi shaida. Sai kuma masu kiran kansu kocin rayuwa, wannan sunan a mafi yawan wurare ba doka a kansa, kowa na iya wayar gari ya laƙaba wa kansa, wasunsu mutanen kirki ne amma ba su ne zasu yi jinyar ciwon damuwa ba.

Ka tambaye shi kai tsaye, me ka karanta, a ina, wace hukuma ta yi maka rajista, mece ce lambar lasisinka, sannan ka je shafin hukumar ka duba da kanka. Na gaske baya jin haushin wannan tambayar, ya saba da ita. Wanda ya fara kame-kame ko ya ce ai dubi yawan mabiyana, ka kama gabanka. Haka wanda ya yi maka alkawarin warkewa cikin kwana bakwai, ko yake son tura maka magani bai san tarihin lafiyarka ba, ko ya fara kiranka tsakar dare da hirar da ba ta aiki ba, ko ya nemi hotunanka, duk waɗannan ka rufe su ka kuma kai ƙara in akwai inda zaka kai.

Maganar sirri kuwa gida biyu ce. Shi ƙwararren ƙa'idar aikinsa ta hana shi fitar da maganarka, sai fa in ranka ko ran wani na cikin haɗari ko ana cutar da yaro, kuma wannan ya kamata ya faɗa maka tun zaman farko. Amma manhajar da kuke magana a ciki ita kamfani ce mai neman riba. A 2023 hukumar FTC ta Amurka mai kare masu sayen kaya ta sa kamfanin BetterHelp, ɗaya daga cikin manyan masu wannan harkar, ya biya dala miliyan 7.8 kan zargin ya miƙa bayanan mutane irin su adireshin imel da amsoshin tambayoyin lafiya ga su Facebook da Snapchat don talla, alhali ya yi musu alkawarin sirri. Don haka ka karanta abin da kake danna na yarda a kansa, ka tambaya ko ana naɗar zaman kuma ina ake ajiye bayanan, ka sa wa wayarka makulli, kar ka yi zaman da wayar aro.

Sannan nasan matasa da yawa yanzu da manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira suke raba dare. Zasu iya taya ka tsara tunani, ban hana ba, amma basa ganin fuskarka, basu da lasisin da za a ƙwace in sun ɓatar da kai, kuma sukan bi ra'ayinka ne alhali kai a yanzu kana buƙatar wanda zai ce maka a'a, gobe ka fito ka je wajen abokan nan ko na minti ashirin ne. Janyewa daga mutane da kake yi ita ce ta fi damuna a saƙonka, domin ita ke ciyar da ciwon, ka faɗe ta a zaman farko.

TAMBAYA: 'Yata, ni dattijo ne na yi ritaya bara bayan shekara 33 ina aiki. Na ɗauka hutu zan samu, sai ga shi gidan ya min faɗi, yara duk sun watse, ni da uwargida sai saɓani kan abin da bai kai ya kawo ba, barci ya ƙaurace. Jikata ce ta rubuta min wannan, ita ce ke cewa in ga wani ta waya. Ni kuma ina ganin bani da ciwon komai, me zan ce masa, kuma anya ba rashin godiyar Allah bane?

AMSA: Baba ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa jikar nan albarka. Ba rashin godiya bane Baba. Mutum na iya gode wa Allah da zuciya ɗaya kuma ya ji kewar abin da ya saba. Shekara 33 kana tashi da sanin inda zaka, akwai masu jiranka, akwai masu neman sa hannunka, rana ɗaya duk aka naɗe tabarmar. A 1967 wasu likitoci biyu, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera abubuwa 43 da ke girgiza rayuwar mutum suka ba kowanne maki, rasuwar miji ko mata 100, rabuwar aure 73, ritaya 45, kuma abin lura shine ɗaura aure kansa, da yake abin farin ciki, sun ba shi 50. Wato sauyi ko na alheri ne yana da nauyi, jiki da zuciya sai sun sake koyon zama.

Ba sai mutum na da ciwo yake ganin mai ba da shawara ba. Abin da ka rubuto min ɗin nan shi zaka faɗa masa, shikenan, sauran aikinsa ne. Abin da nake tsammanin zai yi da kai shine ku sake gina satinka, lokacin tashi tsayayye, tafiyar ƙafa da safe, rana ɗaya ko biyu da wani ke jiranka a wani waje, ko koyar da matasa abin da ka ƙware a kai, domin ilimin shekara 33 bai yi ritaya ba. Uwargida kuma a tuna ita ma nata tsarin ya sauya, ta saba da gidan a hannunta da rana, yanzu ga ka a kowane lungu, in ta yarda ku yi zama ɗaya tare. In bidiyo na maka wahala ka ce kiran murya kake so, yana wadatarwa, kuma ka nemi wanda ke jin harshenka ya kuma girmama imaninka, in na farko bai kwanta maka ba a canza, ba laifi bane. Jikar ta haɗa maka kiran sannan ta ba ka waje. Rashin barcin kuma a faɗa wa likitanka, musamman in kana shan wasu magunguna.

TAMBAYA: Anti ni da mijina kullum faɗa, magana kaɗan sai ya yi shiru kwana uku baya kula ni. Na ce mu ga mai ba da shawara ta waya ya ce shi bazai faɗa wa bare sirrin gidansa ba. In na yi ni kaɗai zai yi amfani?

AMSA: Zai yi ƙanwata, ki fara ke kaɗai, sau da yawa in ɗaya ya sauya yadda yake buɗe magana faɗan kansa na sauya kama. John Gottman, wani masani a Amurka da ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata, ya lissafa halaye huɗu masu rusa aure, sukar mutum maimakon abin da ya yi, raini, kare kai, da yin gum. Yin gum ɗin nan sau da yawa mutum ne ya cika har baya iya saurare, shawarar Gottman ita ce a tsagaita aƙalla minti 20 sannan a dawo kan maganar, a dawo ɗin shine sharaɗi, ba a ɗauke wuta kwana uku ba. Kar ki yi a ɓoye in babu dalilin tsoro, ki ce masa don kaina nake yi. Amma in akwai duka ko barazana ko tsoronsa kike ji, wannan ba maganar zaman ma'aurata bace, ki ga ƙwararriya ke kaɗai inda bazai ji ba, ki goge tarihin kiran, ku fara da tsaron lafiyarki.

TAMBAYA: Anti ƙanwata ta haihu sati shida kenan, haihuwar fari. Kullum kuka take, bata barci ko jaririn ya yi barci, bata son ɗaukarsa, jiya ta ce min gara ma ta mutu kowa ya huta. Ina so in nemo mata mai ba da shawara ta intanet tunda bata son fita, wanne zaki bani?

AMSA: Babu ko ɗaya a yau, ƙanwata, asibiti zaki kai ta, yau ɗin nan ba gobe ba. Na amsa miki ta saƙo tun ranar da wannan ya shigo, na sa shi a nan ne saboda wasu. Kuka da rashin sukuni na 'yan kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da mata da yawa ke yi kuma yana wucewa cikin sati biyu. Wanda ya kai sati shida da ƙin jariri da maganar mutuwa ciwon damuwar bayan haihuwa ne ake zargi, yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, ba halinta bane ba kuma rashin son ɗanta bane, kuma yana jin magani. In ta fara ruɗewa ko jin muryoyi ko faɗin abin da babu, wannan ya fi gaggawa ma, sashen taimakon gaggawa kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Kafin ku isa kar a bar ta ita kaɗai, ki kwashe magunguna da duk abin da zata iya cutar da kanta da shi, wani ya riƙe jaririn. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta a fili cikin taushi, kina tunanin kashe kanki ne? Tambayar bata sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa, kuma amsar da ta ba ki ki maimaita wa likita kalma da kalma ko da ita ta yi shiru a gabansa. Kar a yi mata faɗa, kar a ce dubi yadda wasu ke neman haihuwa. Ki sanar da mijinta yanzu, ku tafi tare.

In likita ya gan ta aka fara jinya hankali ya kwanta, a nan ne waya zata yi muku rana, ta dinga ganin ƙwararriya sati-sati daga kan gadonta jariri na gefe ba sai ta fita ba, ki tambayi asibitin ko suna da wannan tsarin ko su haɗa ku da wadda suka sani. Ki rubuto min in kun dawo, ina jiran inji yadda ta kwana.